Malam, Kafin Ka Ba Ejan Kuɗin Bizar Koyar da Turanci

Saƙonka ya iso, kuma irinsa ne ke zuwa kusan kowane wata. Kana da digirin Turanci, ka shekara biyar kana koyarwa a sakandare mai zaman kanta, albashi ba ya kai ƙarshen wata, wani ejan kuma ya ce zai samo maka aiki a Koriya ko Ingila idan ka fara biyan rabin kuɗi. Kada ka ba shi ko sisi.

Koriya ta Kudu tana ba malaman Turanci bizar da ake kira E-2, kuma ƙa'idarta ta ginu ne kan 'yan ƙasashe 7: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostiraliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, Ghana ma haka. Ko ka fi Bature iya nahawu, fasfo ake dubawa kafin a ji bakinka. Ingila kuwa, gaskiya ne a Fabrairun 2023 ta buɗe wa malaman Najeriya da Ghana hanyar neman QTS, wato lasisin koyarwa a makarantun gwamnati, amma ga masu lissafi da kimiyya da harsuna irin su Faransanci. Malamin Turanci ba ya cikin jerin, kuma wannan ne ejan ba zai faɗa maka ba. Kasuwar koyar da yaran Sin ta intanet, wadda mutane suka ci abinci da ita a da, dokar 2021 ta rushe ta.

Inda ƙofa take a buɗe ga mai koren fasfo shi ne ƙasashen Larabawa, musamman shekarar share fage ta jami'o'in Saudiyya da Oman, wato shekarar da ake koya wa ɗalibai Turanci kafin su fara digiri, da makarantu masu bin manhajar Birtaniya a yankin Larabawan da kuma Afirka. A nan ɗin ma za ka ga talla an rubuta ana son wanda Turanci ne harshen uwarsa, za ka kuma iske wanda bai kai ka ilimi ba yana karɓar fiye da kai saboda launin fasfonsa. Abin da zafi, mun kuma saba haɗiye shi. Abin da ke rage wannan giɓi shi ne takarda.

Ba kowace takarda ba. Satifiket ɗin TEFL (na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) na intanet da ake sayarwa da araha, wanda babu wanda ya taɓa zama a bayan aji ya kalle ka kana koyarwa, asarar kuɗi ne. Wanda ma'aikata suka sani shi ne CELTA na Cambridge ko CertTESOL na Trinity. CELTA awa 120 ne, sati 4 zuwa 5 idan ka ba shi dukan lokacinka, da rubutattun ayyuka 4 da awa 6 na koyar da ɗalibai manya a gaban mai horarwa yana ba ka maki. Kafin a ɗauke ka akwai aikin gwaji da ganawa, kuma ana son Turancinka ya kai saman matakin C1, wato matakin ƙwarewa sosai. A Ingila kuɗinsa ya haura fam 1,000. Ana iya yin sa ta intanet daga gida, amma sai ka tanadi wuta da data da ba za su yanke ana tsakiyar darasinka ba. Ka shiga shafin Cambridge ka tabbatar cibiyar tana cikin jerinsu kafin ka biya.

Abin da ke kayar da malamanmu a wannan kwas ba rashin ilimi ba ne, sabo ne. Mun taso malam yana magana minti 40, ya cika allo da rubutu, yara su kwafa. A can ana auna yawan surutunka, idan ka fi ɗalibai magana an rage maka maki. Ka bar tambayar "kun gane?", domin kowa zai gyaɗa kai. Idan ka koyar da jimla a kan abin da mutum ya saba yi a da ya daina, sai ka tambaya: yana yi har yanzu? Sau ɗaya ya yi ko sau da yawa? Amsar ce za ta nuna maka ko sun gane. Tsarin darasi ana rubuta shi da mintuna, kowane mataki da manufarsa, har da kuskuren da kake hasashen ɗalibai za su yi da yadda za ka magance shi. Sannan ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Mu Hausawa muna musanya p da f, th kuma ya koma z ko s. Balarabe ba shi da p a harshensa, b yake furtawa, kuma kai za a ɗauka ka gyara masa. A darasin gwaji na minti 10 lokacin ganawar aiki, wannan kaɗai ya isa a sallame ka da cewa za a neme ka.

CELTA tana shigar da kai ne kawai. Hawa sama, wato zama mai kula da malamai ko mai tsara manhaja, yana buƙatar DELTA mai kashi 3 (jarrabawa, koyarwa da ake dubawa, da dogon rubutu) ko digiri na biyu a koyar da Turanci. Idan jami'ar Saudiyya kake hari, ka yi hattara da digirin da aka yi daga nesa, ofishin tantance takardunsu yana yawan ƙin amincewa da shi. Ga mai neman tallafin karatu akwai Chevening ta gwamnatin Birtaniya, mai buƙatar aikin shekara 2 da alkawarin komawa gida na shekara 2, da gidauniyar Hornby wadda ta malaman Turanci ce zalla. Ka sani tun Janairun 2024 mai karatun digiri na biyu na aji a Birtaniya ba ya zuwa da iyali. Idan makarantar yara kake so, PGDE, wato difloma ta koyarwa bayan digiri, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, sun fi CELTA amfani, saboda lasisin koyarwa suke tambaya. Sakamakon IELTS, jarrabawar auna Turanci, shekara 2 yake yi, kada ka rubuta shi tun ba ka san inda za ka kai shi ba.

Takardunka za su bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar. Idan sunanka a fasfo Muhammad ne, a digiri kuma Mohammed, ka gyara tun yanzu, harafi ɗaya yana tsayar da fayil watanni. Karɓi wasiƙar shaidar aiki daga kowace makaranta da ka koyar, mai hatimi da ranar farawa da ta gamawa, domin da ita ake yanka maka matakin albashi.

Kada ka shigo Saudiyya da bizar Umara ko ta ziyara da sunan za a juya maka ita. Da bizar aiki ake shiga, a yi maka iƙama. Yawancin guraben share fage kamfanonin kwangila ne ke ɗauka, ba jami'ar ba, don haka ka duba sunan wa ke kan kwantiragin. Ka nemi a rubuta awa nawa za ka tsaya a aji a sati, gida ne ko kuɗin gida, tikitin shekara, inshorar lafiya, da ko ana biyan hutun bazara. Kuɗin sallama a dokar Saudiyya rabin albashin wata ne kan kowace shekara a shekaru 5 na farko, bayan nan cikakken wata. Kwantiragin da aka sa a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya shi ne hujjarka, ba wanda aka turo maka ta WhatsApp ba, sai ka gwada su layi-layi kafin ka danna amincewa. Fasfonka kuma a hannunka zai zauna, doka ba ta ba kafili ikon riƙe shi ba.