Gudun 'yan gaba, gumin 'yan baya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce babban kocin zari-rugar Amurka na jami'arku ya ɗauko sabon mai tsara hari, mutumin da ba ya son yara su taru su haɗa kai kafin kowane zubi, wato kowane yunƙuri guda na gusar da ƙwallo gaba, so yake da alƙalin wasa ya ajiye ƙwallo a fizge ta a wuce. Kai kuma kana koyon aiki a ɓangaren tsaro, an damƙa maka ƙattin sahun farko na masu tsaro, hankalinka ya tashi. Kana tambaya ko wannan saurin zai ƙarar muku da yara, kuma ko gaskiya ne masu irin wannan salo ba sa daɗewa a kujera. Na yi shekaru a bakin filin zari-rugar jami'o'in Amurka, a daidai inda kake tsaye yanzu, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Fara da sanin abin da mutumin nan yake nema, don kada ka ɗauke shi maƙiyi. Tun 2008 agogon zubi, wato lokacin da ake ba masu hari su fara zubi na gaba, a wasan jami'o'i daƙiƙa 40 ne, kuma masu riƙe da ƙwallo ne ke da ikon zaɓar lokacin da za su fizge ta. Doka ta ce in sun canza ɗan wasa, dole alƙali ya tsaya a kan ƙwallo har masu tsaro su ma su canza nasu. In kuwa ba su canza kowa ba, babu mai jiran ka. To ka ga dabarar. Ƙato mai kilo 140 da aka shigo da shi don ya toshe tsakiya a zubi ɗaya, sai ya tsinci kansa a zubi na bakwai bai fita ba, hannu a ƙugu, harshe a waje. Kocinsa yana gefe yana ta alamu da hannu, kafin yara su gama karanta saƙon an riga an fizge ƙwallo. Tilas ya jingine dabarunsa masu sarƙaƙiya ya koma kan biyu ko uku da kowa ya haddace. Wannan riba ce ta gaske, kuma ƙaramar makaranta da ba ta da ƙarfin ɗauko manyan yara takan samu sa'ida da ita a gaban babba.

Amma bashi ne ake ci, kuma mu masu tsaro, 'yan baya, ne ke biya. Wasa minti 60 ne, ba ya ƙaruwa. In 'yan gabanku, wato masu hari, suna gama farmaki, jerin zubin da suke yi kafin ƙwallo ta bar hannunsu, cikin minti ɗaya da rabi, yawan karɓe-karɓen ƙwallo zai ƙaru ga kowane ɓangare, kuma duk farmakin da aka ƙara wa abokan karawa, yaranka ne za su tare shi da ƙirji.

A nan nake so ka natsu, don nan ne mutane da yawa ke ɓata lissafi. Sauri iri biyu ne. Akwai wanda ke ƙarewa da maki bakwai. Wannan ba ya kashe kowa: ana bikin ci, ana bugun ƙari, ana hutun talla, yaranka sun sha ruwa, kuma sun koma fili suna gaba a maki, abokan karawa kuma dole su koma jifa, wanda shi ne abin da ƙattinka suka fi so. Akwai kuma saurin da ke ƙarewa da gwaji uku ba a ci yadi goman da ake buƙata don ci gaba da riƙe ƙwallo ba, a doka ƙwallo a mayar wa mutane. Jifa uku a ƙasa, agogon wasa ko minti ɗaya bai ci ba. Wannan shi ne mugun.

Ba zan manta da wata Asabar ba a wata ƙaramar jami'a da na yi aiki, shekarar farko da muka koma wannan salo. Yarana sun tare farmaki mai tsawo, zubi goma sha wani abu, suka fito suka zube a benci. Na durƙusa a gabansu da ɗan allo da alƙalami ina zana musu inda ake ɓullo mana ta hagu. Babban yarona na tsakiya ya cire hular ƙarfe, tururi na tashi daga kansa, kofin ruwa na rawa a hannunsa. Ban gama jan layi na biyu ba na ji ana ihu a bayana cewa masu tsaro su tashi. Ya dube ni, ya ajiye kofin da sauran ruwa a ciki, ya mayar da hula ya shiga. Bai ce komai ba. A zango na huɗu ba dabara ce ta gagare mu ba, ƙafafu ne suka ƙi ɗaguwa. Laifina a ranar shi ne mutum biyar kawai na amince da su, sauran na bar su a tsaye da riga fes.

In kana son hujjar da ta fi tawa girma, nemo faifan wasan ƙarshe na cin kofin jami'o'in ƙasar na Janairun 2017 a Tampa, tsakanin Clemson da Alabama. Tsaron Alabama na wannan kakar babu kamarsa a ƙasar. Sun shiga zango na huɗu suna gaba da 24 da 14. Amma 'yan gabansu sau biyu kacal suka cika yadi goman nan a gwaji na uku cikin sau goma sha biyar, don haka ƙwallo ta yi ta komawa hannun Deshaun Watson, mai jifan Clemson. Clemson ta yi zubi 99 a daren nan, ta ci maki 21 a zangon ƙarshe, ta lashe 35 da 31 saura daƙiƙa ɗaya a tashi. Ka lura, Alabama ba don tana gudu fiye da kima ta jefa 'yan bayanta a wannan hali ba. Kasa riƙe ƙwallo ne. Shi ya sa tambayar da za ka yi game da sabon mutuminku ita ce: in ya gudu, yana isa?

Sai batun awo, wanda shi ne zai iya cin aikinka ko ya cece shi. 'Yan jarida da tsofaffin ɗalibai masu ba makaranta kuɗi jimillar yadi da jimillar maki suke kallo. Wannan awo zalunci ne ga mai tsaron da ke bayan masu gudu. Wanda ya tare farmaki goma sha biyar aka ci shi maki 30 ya fi wanda ya tare tara aka ci shi 24, amma a takarda na biyun ne gwani. Ka sayi littafi tun yau, kowane wasa ka rubuta sau nawa suka karɓi ƙwallo, daga yadi nawa suka fara, da me suka tashi. Ranar da za a kira ku ofis a ƙarshen kaka, wannan littafin ne zai yi magana a madadinka.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani ranar wasa, a filin atisaye take faruwa. Yaranka da 'yan gabanku suke gogawa daga Litinin zuwa Alhamis. In su kullum a baje suke, suna jifa gefe-gefe, to naka za su iya guje-guje amma su manta yadda ake tarar ƙungiyar da ke zuwa gaba-gaɗi da ƙarfin tuwo. Kuma in atisaye na tafiya da sauri, babu sararin tsayar da yaro a gyara masa tsayuwar ƙafa, sai dai a ɗakin kallon faifai da yamma. Ka roƙi a ware maka minti goma ko sha biyar kowace rana naka na kanka, a hankali, kafaɗa da kafaɗa. Kada ka ji kunyar nacewa a kan wannan.

Game da kujerar koci kuwa, labarin ba fuska ɗaya gare shi ba. Chip Kelly ya riƙe Oregon daga 2009 zuwa 2012, ya ci wasa 46 ya faɗi 7, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa gudu a lokacin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mai tsara masa tsaro, Nick Aliotti, yana juya yara sama da ashirin a wasa ɗaya, kamar masu karɓa-karɓa a gayyar noma. A wasan ƙarshe na Janairun 2011, Auburn mai Cam Newton maki 22 kawai ta samu a kansu, su kuma 19. Dubi kuma Kliff Kingsbury a Texas Tech. A 2016 yana da mai jifa Patrick Mahomes a hannu. A wasansu da Oklahoma yaron nan ya yi jifa 88, ya tara yadi 734, suka ci maki 59, kuma aka doke su, don an zura musu 66. Suka gama kakar da nasara biyar da faɗuwa bakwai. Bayan kaka shida, da ci 35 da faɗuwa 40, aka sallame shi a 2018. Duka biyun masu gudu ne. Ɗaya ya tanadi benci mai zurfi, ɗayan kuma 'yan bayansa ba su taɓa samun ƙarfin ɗaukar kayan da ake ɗora musu ba.

Nick Saban, kocin Alabama a wancan lokacin, ma ya isa abin dubawa. A 2012 ya fito fili ya koka cewa wannan gudu haɗari ne ga lafiyar yara masu tsaro, a 2014 kuma ya mara wa wata shawara baya ta hana fizgar ƙwallo a daƙiƙa goma na farko. Shawarar ba ta wuce ba. A wannan shekarar ya ɗauko Lane Kiffin ya tsara masa hari, Alabama ta fara gudu ita ma in ta ga dama, ya ƙara cin kofi a kakar 2015 da 2017 da 2020. Kiɗa ya canza, ya canza rawa. Shi kuma Kelly, uban masu saurin, da ya je Ohio State a 2024 yana tsara hari, sai ga yaransa suna haɗa kai suna tafiya a hankali, don sabon tsarin gasar ƙungiyoyi 12 ya tsawaita kaka, ana tattalin jiki. Wasa 16 suka buga, suka ɗauki kofi a kan Notre Dame da 34 da 23. Ni a ganina, kocin da ke daɗewa shi ne wanda linzamin saurin ke hannunsa, yana saki yana ja. Wanda gudu kaɗai ya iya, ranar da yake gaba da maki goma saura minti shida, ba zai san yadda zai cinye agogo ba, sai ya mayar da ƙwallo ga mutanen da ya kamata ya bari suna kallo daga gefe.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka da shi. Za ka ji wasu na raɗa wa yaro ya faɗi ƙasa kamar ya ji ciwo don a tsayar da wasa. Kada ka koya wa ɗan mutane ƙarya. Ko dokar ma ta tsananta a 2025: in yaro ya faɗi bayan an ajiye ƙwallo, damarku ɗaya ta neman a tsayar da wasa ta tafi, in ba ku da ita a ci ku tarar yadi biyar.

Abin yi shi ne ka shirya mutum takwas zuwa goma a layinka, ka fara juya su tun zangon farko ko da na biyun bai kai na farko ba, domin na biyu mai numfashi ya fi na farko da ya galabaita. Ka rage kiranka su zama kalma ɗaya-ɗaya. Sannan ranar Litinin, ka bi ta hannun ubangidanka mai tsara tsaro, ku je ku zauna da sabon mutumin cikin mutunci. Ku tambaye shi abu guda: in yaranmu sun fito daga farmaki mai tsawo, za ka yarda ka ja linzami a zubi uku na farko, ko gudu da ƙwallo a ƙasa ne, su samu su shanye ruwansu? Ka rubuto mini amsar da ya ba ku. Ka gaida mutanen gida.