Wayata ta ce in yi fomatin ɗin memori, hotunana za su tafi?

Malam, za su tafi kakaf, har da hotunan bikin da kake ji da su. Kada ka danna tukuna.

Cire katin memorin, ka goge bakinsa da busasshen ƙyalle, ka gwada a kwamfuta. In ya buɗe, kwashe komai, sannan ka mayar da shi waya, ka shiga Settings, Storage, ka yi fomatin. In ta ba ka zaɓi, ɗauki ma'ajiyar da ake cirewa. Ɗayan yana ɗaure katin da wayar nan kaɗai.

Ni ma na taɓa sayen mai 64GB a bakin titi da araha, ashe jabu ne, fomatin bai yi masa magani ba.

In ya ƙi buɗewa, kai wa masu gyara a Kasuwar Gumi da ke Kaduna, ka ce ceto hotuna kake so, kar su goge.