Noti mai roba a bolti mai juyawa

Malam, ka tambaya ko noti mai roba a ciki zai wadatar a mahaɗar sandar tuƙin jirgin saman da kake haɗawa, inda boltin kansa ke juyawa cikin bushin, wato ɗan bututun da ke cikin ramin mahaɗar. A'a, bai isa ba. Nemi bolti AN3 ko AN4 (lambobin girman boltin jirgin sama ne) mai huji a wutsiya, ka sa noti mai tsaga a ka, ka zura fil ka lanƙwasa ƙafafunsa.

Juyin nan na kullum yana kwance mai robar a hankali. Amma in boltin ya matse bushin gam, hannun mahaɗar ne kawai ke yawo a kan bushin, to mai roba ya yi. Nan Damagaram dai kada ka cika giris, ƙurar hunturu na mannewa ta ci bushin, mahaɗar ta fara girgiɗi.