Baba Fasto, da gaske ne Allah ya janye alherinsa daga gidana?

Tambaya:

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni uwar 'ya'ya huɗu ce, ina awon hatsi a kasuwar Sabon Gari nan Kano, kuma ina cikin Zumuntar Mata. Bara maigidana ya kwanta da ciwon suga da hawan jini, jarina ya tafi wajen magani, wata takwas ke nan ban fitar da zakka ba. Wata ƙawata ta kai ni kwanan addu'a wurin wani mutumin Allah. Ya kalle ni ya ce na fāɗi daga alheri, wai na yi wa Allah sata, shi ya sa aka rufe mana ƙofa. Ya ce in shuka iri na naira 50,000, in sayi man shafewa, maigida kuma ya ajiye magani don ya nuna bangaskiya. Keken ɗinkin 'yata ne kaɗai ya rage mana, ina shawarar sayar da shi. Wata biyu ban ci Jibin Ubangiji ba saboda kunya. Kuma in faɗi gaskiya, tun da kasuwa ta yi wuya na fara tauye awo. Baba, Allah ya janye alherinsa daga gare mu ne? Yaya ake zama cikin alherin nan da kuke wa'azinsa kullum?

Amsa:

'Yata, salama a gare ki. Kafin mu buɗe ko aya ɗaya, ki ji wannan: kada maigidanki ya ajiye maganinsa, ko na yini guda. Ciwon suga da hawan jini idan aka sake su, suna kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, su lalata ƙoda, su taɓa ido. Na taɓa zama a bakin gadon wani dattijo da aka ce masa shan magani rashin bangaskiya ne. Bakinsa ya karkace, yana so ya ce "amin" ya kāsa, matarsa na share masa yawu da gefen zaninta. Wanda ya ba shi shawarar bai ko leƙo gaisuwa ba. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14, kuma shi da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas. 'Yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) masu addu'a ne, duk da haka asibitin ido suka gina a garin nan, wanda ECWA ke riƙe da shi har yau. Keken 'yarki ma ki bar mata abinta.

Sai maganar fāɗuwa daga alheri. Kalmar tana cikin Littafi Mai Tsarki, a Galatiyawa 5:4, ki buɗe ki karanta da idonki. Waɗanda Bulus ya ce sun fāɗi daga alheri su ne masu neman samun karɓuwa a wurin Allah ta hanyar kiyaye Shari'ar Musa, wato masu son biyan kuɗin abin da aka ba su kyauta. Ayar ba ta maganar matar da jinya ta cinye jarinta. Mutumin nan ya ɗauki ayar ya juya ta baibai, domin abin da yake tura ki ki yi, sayen yardar Allah da naira 50,000, shi ne ainihin abin da ayar ke gargaɗi a kai.

Wannan cuta ce da nake gamuwa da ita kusan kowane mako, kuma zan daɗe a kanta, ki yi haƙuri da ni. Tushenta yana cikin yadda muka saba jin kalmar alheri tun muna yara. Mukan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Tsakanin mutane gaskiya ne. Ku mata kun fi mu sanin biki: kin kai wa ƙawarki gudummawa ranar suna, ta riƙe a zuciya, ran naki bikin ta mayar har da ƙari. Kin san adashi, wadda ba ta zuba ba ba ta kwasa. Waɗannan abubuwa ne masu kyau, su ke riƙe da gidaje da yawa a Sabon Gari da Badawa da Birged. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan lissafi mu kai gaban Allah, mu mai da shi abokin adashi. Na zuba azumi, na zuba zakka, na zuba kwanan addu'a, yanzu lokacin kwasata ya yi. Idan kwasar ba ta zo ba, sai a ce lalle akwai zubin da na tsallake. Ta wannan ƙofa masu cinikin addu'a suke shigowa, don sun san mai jinya ba ya ciniki.

Wasu kuma suna ɗaukar alheri kamar gyara. Kin san idan kin auna wa mai saye kwano biyu na gero, kin ƙara masa ɗan hannu a kai. Sai mutum ya ɗauka shi ne ya biya mafi yawa da ƙoƙarinsa, Allah ya cika masa ragowar. Afisawa 2:8-9 ba ta bar wa wannan tunani wurin tsayawa ba. Ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwa ce ta Allah, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Buhun gaba ɗaya kyauta ne. Romawa 5:8 kuma ta faɗi lokacin da aka yi kyautar: tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ranar da ya hau gicciye ba ki taɓa fitar da zakkar ko sisi ba. To, yaya abin da zakka ba ta kawo ba, rashin zakka zai kore shi?

Cinikin nan tsoho ne, kuma duk inda ya bayyana a Littafi Mai Tsarki, hukunci ne ya biyo baya. A 2 Sarakuna 5, Na'aman shugaban sojojin Suriya ya zo wurin Elisha da kuturtarsa, ɗauke da talanti 10 na azurfa, shekel 6,000 na zinariya da riguna 10. Aka ce ya je ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun. Ya warke, ya dawo ya roƙi annabin ya karɓi wani abu, Elisha ya rantse ba zai karɓa ba. Baransa Gehazi ya bi bayan baƙon a guje, ya shirya ƙarya, ya karɓi talanti 2 da riguna 2, ya ɓoye a gida. Kuturtar Na'aman ta koma kansa. Laifin Gehazi ya wuce kwaɗayi. Baƙon da zai koma ƙasarsa yana shaida cewa Allah na Isra'ila yana warkarwa kyauta, an sa ya koma da tunanin cewa a ƙarshe dai sai da aka karɓa. A Ayyukan Manzanni 8 kuma, Siman mai sihiri na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don su ba shi ikon ɗora hannu a karɓi Ruhu Mai Tsarki. Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa, tun da ya zaci ana sayen baiwar Allah. A shekarar 1517, abin da ya tayar da Matin Luta a ƙasar Jamus har ya rubuta batutuwansa 95 shi ne ganin talakawa suna ba da kuɗi don takardun sassaucin hukuncin zunubi. Daga baya Cocin Katolika da kanta ta hana wannan ciniki. Yau ga shi ya dawo mana cikin kwalbar man zaitun da ake sayowa a kanti, a ninka kuɗinta, a ce wa gwauruwa ta shafa a ƙofar shago.

Raina yana ɓaci da wannan, ba zan ɓoye ba. Yesu ya aiki almajiransa da umarnin cewa kyauta suka karɓa, kyauta za su bayar (Matiyu 10:8). Yakubu 5:14 ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Babu farashi a ayar. Duk wanda ya sa wa addu'a kuɗi, ko ya ce girman amsa gwargwadon girman iri ne, ki ɗauki jakarki ki fita, kome yawan jama'ar da ke wurin, kome ƙarfin lasifikarsa.

Na san ayar da mutumin nan ya tsorata ki da ita, Malakai 3:8-10. Ki karanta har ƙarshe, za ki ga an ce a kawo zakka ɗakin ajiya domin a sami abinci a Haikali. Ki haɗa da Maimaitawar Shari'a 14:28-29, inda zakkar kowace shekara ta uku aka ware ta don Balawe (mai hidimar ɗakin Allah) da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Ashe ko a ƙarƙashin Shari'a, gida mai irin halin da naki yake ciki yana cikin waɗanda ake tunawa da su. A Markus 7 Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah. Kuɗin da kika sayi maganin mijinki da shi ba sata ba ne, 1 Timoti 5:8 ma ta ɗora miki wannan nauyi. Ni ina koyar da bayarwa, ina kuma fitar da zakkata da murna, don aikin bishara ba ya tafiya da iska. Amma ma'aunin da Bulus ya ba Korantiyawa shi ne gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba da tilas ba. Idan naira 200 ce a hannunki ranar Lahadi, ki sa a baiko da zuciya ɗaya. Idan babu, ki rera waƙarki ki zauna.

Ciwon maigida kuma, kada ki yarda a mai da shi takardar sammaci. Almajirai sun tambayi Yesu game da wanda aka haifa makaho, ko shi ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9:3). Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce, alherina ya ishe ka. Ba a cire ƙayar ba, alherin kuma bai tafi ko'ina ba. Muna roƙon warkarwa, za mu ci gaba da roƙo, amma ba da lafiyar jiki ko cikar aljihu ake auna ko Allah yana tare da gida ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wanda mutumin nan mai gani har hanji bai gani ba: awon. Na gode da kika faɗa da bakinki. Wannan shi ne zunubin da ke cikin labarin, kuma ba zan shafa masa mai ba. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ki tuna wadda take tsugunawa gaban buhunki da yamma, ta kwance bakin zani ta ƙirga canji, ta ce a ba ta rabin kwano na masara. Ita ma wataƙila mai jinya ce kamarki. Abin da kika rage mata, daga tuwon 'ya'yanta ya fita. Titus 2:11-12 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake koya mana mu rabu da rashin tsoron Allah, mu yi zaman kamunkai da adalci a wannan zamani. Wanda ya ce tun da alheri ne bari in ci gaba da abin da nake yi, Romawa 6 ta riga ta ba shi amsa da a'a. Wani mutum mai suna Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, bai biya kome ba kafin Yesu ya shiga gidansa. Bayan Yesu ya shiga ne ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki 4. Ki lura da wanne ya riga wanne.

To, haka ake zama cikin alheri a rumfar kasuwa. Gobe da safe ki furta laifin ga Allah, ki gaskata 1 Yahaya 1:9 cewa ya gafarta, kada ki ƙara kwana kina biyan bashin da aka yafe. Ki ajiye kwanon da aka bubbuge gindinsa, ki ɗauko cikakke. Masu sayenki na kullum da kika san kin tauye, ki riƙa cika musu har zuciyarki ta shaida kin mayar. Idan riba ba ta fita, ki faɗi farashin gaskiya, wanda zai saya ya saya. Maƙwabtanki na rumfa, Musulmi da Kirista, ba lalle su taɓa jin wa'azina ba, amma suna ganin hannunki a kan kwano tun safe har la'asar. Ƙawar da ta kai ki wurin mutumin nan, kada ki riƙe ta a zuciya, ita ma tsoro ne ya kai ta. Ki zauna da ita ku karanta labarin Na'aman tare.

Mu ma shugabanni muna da laifi a nan. Mace ta yi wata biyu ba ta zo teburin Ubangiji ba, mijinta na kwance tun bara, har ta kai ga shawarar sayar da keken 'yarta, ba dattijon da ya taka ya je gidan. Da mun je, da ba ta nemi wani da tsakar dare ba. Littafin zakka muna duba shi a kan kari, ya kamata mu san gidan da aka daina ɗora tukunya da irin wannan himma.

Ranar da za a ba da Jibin Ubangiji, ki zo. Ki gwada kanki kamar yadda 1 Korantiyawa 11:28 ta ce, ki tuba daga abin da kika sani, sa'an nan ki miƙa hannu ki karɓa. Bayan sujada kada ki yi saurin fita. Ki sami shugabar Zumuntar Mata da ɗaya daga cikin dattawa, ki gaya musu halin da gidan yake ciki kamar yadda kika gaya mini, ki kuma zo da takardar maganin maigida a jakarki don su ga abin da ake bukata kowane wata.