Amsa: Ingancin ƙananan bindigogin Sifen masu araha

Malam, ka tambaya ko bindigogin Sifen masu araha abin dogaro ne. Ba a yi musu kuɗin goro. Bindigogin kamfanonin Star da Astra ƙarfensu nagari ne, sojojin Sifen sun daɗe suna riƙe su. Na kamfanin Llama kuwa sai sa'a.

Wadda aka fi kuka da ita ita ce Ruby mai cin harsashin milimita 7.65, da maƙeran garin Eibar na Sifen suka yi wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya: ƙarfen wasu da laushi, gidan harsashin wannan ba ya shiga waccan.

Star BM, kada a riƙa jan kunama babu harsashi, allurar da ke dukan harsashi karyewa take, kayan gyara kuma sun yi wuya tunda kamfanin ya rufe a 1997. Astra 400 kuwa harsashi samfurin 9 Largo take ci, ba 9 Luger ba.