Ɗiban ruwan baya ga mai sanƙarau: yana gurgunta yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. A bazarar nan ɗana mai shekara 6 ya kwanta da zazzaɓi da amai, wuyansa ya sanƙare. A asibiti aka ce sai an ɗebi ruwa a bayansa. Surukata ta ce ba da yawunta ba, wai allurar baya ke gurgunta yara. Daga baya muka yarda, kuma ya warke, amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Me ake nema a ruwan nan? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara masa lafiya. Ki gaishe mini da Hajiya, tsoronta na ƙauna ne. Sai dai ki faɗa mata cewa laka tana ƙarewa ne sama da ƙugu, allurar kuwa can ƙasa ake soka ta, inda babu lakar. Abin da aka ɗiba bai fi cokalin shayi ba, jiki kuma yana mayar da shi cikin sa'o'i kaɗan. Wasu kan yi ciwon kai na kwana biyu ko uku. Kurumta da shanyewar gaɓa da ake gani bayan jinya aikin sanƙarau ne, ba na allura ba.

Ni da ido nake fara gwajin. Ruwan mai lafiya garai yake kamar ruwan sha. Duk ranar da na ɗaga kwalbar na ga ya yi dishi-dishi kamar ruwan wankin shinkafa, gabana kan faɗi, domin na san ƙwayoyin cuta sun shiga. A ɗakin gwaji sai a ƙirga fararen ƙwayoyin jini. A mai lafiya ba sa wuce 5 a ɗigon da ake aunawa, a mai sanƙarau kuwa sukan kai dubbai. Sukarin ruwan yana raguwa, furotin ya hau. Sannan a shafa shi a gilashi, a rina, a duba da madubin likita, a kuma shuka sauran kwana ɗaya zuwa biyu a ga wace ƙwaya za ta tsiro. Ba ma jiran wannan sakamakon kafin mu fara allurar Ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cutar.

Da ma zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yakan yi kama da sanƙarau, ruwan ne ke raba gardama. Kuma ku a Zamfara kun ga amfaninsa a 2017. An yi wa jama'a rigakafin sanƙarau nau'in A shekarun baya, sai ga annoba ta sake ɓarkewa. Gwajin irin wannan ruwa ne ya nuna nau'in C ne, aka nemo rigakafin da ya dace da shi.

Tunda ya warke, ki mayar da shi asibiti a gwada jinsa. Ki kuma lura ko yana juyowa idan kin kira shi daga bayansa.