Guruf-guruf na WhatsApp sun hana ni barci, kuma ina jin nauyin fita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina sayar da atamfa da leshi ne ta WhatsApp, to wayata bata hutawa sam, ina cikin guruf sun fi goma, na dangi biyu, na 'yan ajinmu na sakandare, na adashi, na Islamiyyar yara, har da na wani biki da aka gama tun bara. Ƙarfe ɗayan dare sai ka ji tana ta ƙara, maigida har ya fara magana. Da na koma kashe data da daddare sai ranar nan jikin Mama ya tashi, ƙanwata ta turo saƙo ban gani ba sai da safe. Fita kuma ina tsoro kar a ce girman kai ne. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa albarka a kasuwa.

Kashe data da kike yi kamar mutum ne ƙuda ya dame shi sai ya garƙame gidan gaba ɗaya, ƙudan bai shigo ba, baƙon arziki ma bai shigo ba. Abin da kike buƙata shine ki tantance waye zai sa wayarki ta yi ƙara waye kuma zai jira ki, kuma duk ana yinsa ba tare da kowa ya sani ba.

Ki fara da guruf ɗin. Ki ɗora yatsa akan sunansa ki danne kaɗan, a saman fuskar wayar za ki ga alamar yin shiru, ko kuma ki shiga cikin guruf ɗin ki taɓa sunansa can sama ki nemi inda aka rubuta Mute. Zaɓi uku zai baki: awa 8, sati 1, ko kullum. Da can shekara ɗaya ce ƙarshe, a 2020 suka mayar da shi har sai ranar da kika buɗe da kanki. Na 'yan aji da na dangi ki sa musu kullum kawai kar ki ji komai, domin in kika sa awa 8 da ƙarfe biyar na yamma to ƙarfe ɗayan dare cif zai dawo, daidai lokacin da masu turo sitika suke kan ganiyarsu.

Abin da mata suka fi tambayata shine, za a gane? Ba za a gane ba. Babu saƙon da ke fita, admin baya gani, saƙonni suna nan suna shigowa ki karanta lokacin da kika ga dama. Kuma in wani ya kama sunanki da alamar @ ko ya amsa maganarki kai tsaye wayar za ta sanar da ke, kinga in Yaya babba ta neme ki a guruf ɗin gida ba za ta ce kin share ta ba.

Amma ke mai sana'a ce, akwai matsala ta biyu da shirun baya magancewa. Duk sanda aka yi magana a guruf sai ya haye sama, kwastomar da ta tambayi kuɗin leshi da safe ta nutse can ƙasa, kafin ki tuna da ita ta saya a wani wuri. Maganin wannan shine Archive, wato ki kai guruf ɗin ɗakin ajiya. Danne shi, ki taɓa alamar akwati mai kibiya ta kallon ƙasa. Tun 2021 abin da aka kai can yana zama can ko da sabon saƙo ya shigo, sai dai ki duba cikin setin, ɓangaren Chats, ki tabbatar Keep chats archived a kunne yake. Ni nawa haka suke, sai bayan la'asar nake leƙawa in ga saƙo ɗari biyu da wani abu, rabi barka da Juma'a ne da boyis na minti bakwai, in yi amin in fito. Na adashi da na Islamiyya ne kawai zan ce kar ki kai su can, ranar zubi ko ranar da aka ce a zo a ɗauki yara da wuri ba abin wasa bane, su ki bar su a fili ki sa musu shiru.

Wani abu da mutane basu lura da shi, sa shiru baya hana cin data. Bidiyon bikin da aka turo sau huɗu yana nan yana sauka yana cika miki waya. Ki shiga setin, Storage and data, ki cire saukar hoto da bidiyo da kansu, sai wanda kika taɓa ne zai sauka.

To yanzu maganar dare, wadda ita ce babba. Wannan ba a cikin WhatsApp ake gyara ta ba, a setin ɗin wayar ne. Ki ja fuskar wayar daga sama za ki ga Do Not Disturb, yawanci alamar jinjirin wata ce ko da'ira mai layi a tsakiya. Tecno ce, Infinix ce, Samsung ce, duk suna da shi, wurin da aka ajiye shi ne kawai ya ɗan bambanta, a iPhone kuma yana cikin Focus. Ki sa masa lokaci, misali goma da rabi na dare zuwa biyar na asuba, kullum zai kunna kansa ya kashe kansa. Data na kunne, saƙon kwastoma na shigowa, amma ba ƙara ba haske.

Sannan ki bar ƙofa a buɗe wa mutum uku ko huɗu. Ki je lambobin wayarki ki sa wa Mama da ƙanwarki da duk wanda ke kwana kusa da ita tauraro, ki koma Do Not Disturb ki ce kiran masu tauraro ya shigo. Akwai kuma na mai maimaita kira, ki kunna shi: a Android in lamba ɗaya ta sake kira cikin minti 15 zai shigo, a iPhone cikin minti 3. Wannan saboda ranar da za a kira ki da wayar maƙwabta. Ki kuma faɗa wa 'yan gida baki da baki cewa in abin gaggawa ne da dare a kira layinki kai tsaye, rashin lafiyar uwa ba ta saƙo bace. Alam na asuba yawanci yana bugawa ko da wannan a kunne, amma in manhajar kiran sallah kike amfani da ita sai kin sa ta cikin waɗanda aka yarje wa, in ba haka ba sai dai ki ji na masallacin unguwa.

Abin da ban yarda ki yi ba shine shiga setin ɗin waya ki kashe sanarwar WhatsApp ɗungurungum. Na sha ganin wanda ya yi haka cikin fushi ya manta, bayan sati ya zo yana cewa wayarsa ta lalace.

Shi kuwa guruf ɗin bikin bara, Hajiya ki fita kawai. Tun 2022 in mutum ya fita admin ne kaɗai ake sanarwa, ba kamar da ba da ake rubutawa a tsakiyar hira kowa ya gani, sai dai mai bin diddigi zai iya ganin sunanki cikin waɗanda suka fita har tsawon kwana 60. Kuma don kar gobe ki wayi gari a wani sabo, ki shiga Privacy, Groups, ki cire shi daga kowa da kowa, wanda baki yarje wa ba sai dai ya turo miki gayyata ki duba.

In kin gama saitawa kar ki jira ranar da abu zai faru. Yau da daddare bayan ya kunna kansa ki ce ƙanwarki ta kira ki, sannan maigida ya turo miki saƙo ta WhatsApp. Kiran ya kamata ya yi ƙara, saƙon ya shigo shiru. In ba haka kika gani ba ki rubuto min sunan wayar taki in nuna miki inda aka ɓoye shi.